Shagon shirin intabiyu na wajen Zoo Road: Baba ya iya aiki, yaran shago kuma sai a hankali

Masu tambayata ta WhatsApp kan shagon da na je shirin intabiyu, ga bayani nan kowa ya karanta don na gaji da amsa ɗai-ɗai. Shagon kwamfuta ne a wajen Zoo Road nan Kano, ba zan kama suna ba, asalin aikinsu fotokofi da buga wa ɗalibai takardu sai suka ƙara da gyaran CV da gwajin intabiyu ga masu neman aikin sakatare ko admin a ofis.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba mutum ɗaya ne, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, tsohon sakatare ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Shi ba ruwansa da haddar turanci, kina zama zai tura miki kibod ya ce 'yata buga min wasiƙa, yana faɗa kina bugawa yana kallon agogo, wai in ba ki kai kalma 40 a minti ba ki koma ki yi ta gwaji kafin ki je ki kunyata kanki. Daga nan ya zubo min tarin takardu a cakuɗe ya ce in ware masu shigowa da masu fita in shigar a rijista da kwanan wata da lambar fayil, ni da na yi OTM, wato kwas ɗin sakatare da gudanar da ofis, a poli wallahi sai da gumi ya keto min.

Gwajin amsa waya ne ya fi burge ni. Ya ɗau wayarsa ya zama wani Alhaji mai faɗa, wai shi yayan oga ne a ba shi lambar oga yanzu-yanzu, oga kuma yana mitin. Ina fara kame-kame ya katse ni ya ce ba a ba da lamba, ba a cewa oga ba ya nan alhali yana nan, cewa za ki yi ranka ya daɗe yana cikin taro, a bar saƙo da lamba zan isar da zarar ya fito, kuma ki rubuta a take kar ki dogara da ƙwaƙwalwa. Irin wannan tambayar kuwa ta fito a intabiyun da na je, suna son su ga ko kina da riƙon sirri da haƙuri da jama'a. Rubuta bayanin mitin ma ya ce abu uku ne, me aka yanke, wa zai yi, zuwa yaushe, sauran surutun mahalarta ba naki ba ne.

To amma yaran shagon fa. CV ɗin da suka min na wata suka kwafa, har da sunan makarantarta a ƙasa, kuma shafi uku cike da turancin da ni kaina ban san ma'anarsa ba, gida na koma na mayar da shi shafi ɗaya. Kwamfutocin tsofaffi ne, Office 2007 ke kai, Excel iyakarsu SUM, wato tara lambobi, da jera sunaye, ba wanda ya taɓa min maganar Google Calendar ko haɗa mitin a Zoom alhali ƙungiyoyi da kamfanoni yanzu shi suke tambaya. In an ɗauke wuta kuma sai ku zauna jiran a samo mai a janareta.

Maganar albashi ma ba su koyarwa, ki dai riƙe cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024 kafin ki buɗe baki. Takardu kam Baba ya sa na jera su a fayil ɗaya, asali da kwafi, sakamakon makaranta, satifiket na NYSC ga mai digiri ko HND, shaidar ƙaramar hukuma, NIN da hoton fasfo.

In za ki je ki je da safe kafin ɗalibai su cika wajen, ki tafi da CV ɗinki a filas, kuma ki tambaya ko Baba na nan kafin ki biya don ba kullum yake zuwa ba.