PET ko hoton ƙashi, wanne za a yi wa Hajiya?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Tunda likita ya ce ko PET, wato hoton da ke neman kansa a jiki gaba ɗaya, ko hoton ƙashi don a ga in kansar maman ta yaɗu, ni dai in da hali PET zan ce a yi mata, ba wani kwana-kwana.

Yayata aka yi wa, a Legas, ita ma irin wannan larurar ce. Aka ce awa 6 kafin a yi kar ta sa komai a baki sai ruwa, har shayin asuba da ba ta wasa da shi, da muka je kuma sai da suka fara gwada sugan jininta don in ya hau sosai ɗagewa suke yi. Allurar kanta wani irin suga ne da aka haɗa da sinadarin nukiliya, FDG suke ce masa, ƙwayoyin kansa kuma sun fi sauran jiki haɗamar suga, to duk inda suka taru sai su zuƙe shi, na'ura ta hango wajen yana haske. Bayan allura aka kai ta wani ɗaki ita kaɗai wajen awa guda, aka lulluɓa mata bargo, ba hira ba waya ba zirga-zirga, wai in tsoka ta yi aiki ita ma shan sugan take yi ta ɓata hoton. Yaya da bakinta ba ya hutawa, ta fito tana cewa wallahi wannan zaman shirun ya fi allurar wuya. Ɗaukar hoton kuwa wajen rabin awa ne.

Ranar da muka kai wa likitanta sakamako ya juyo mana da kwamfuta, ga huhu ga hanta ga ƙashi duk a hoto ɗaya. Na hango mafitsara ta yi jawur gabana ya faɗi, sai ya yi murmushi ya ce haka take fitowa ga kowa, ta nan maganin yake fita. Ɗan ƙulli ɗaya ne a hammata ya kama, shi aka bi, a daren nan Yaya ta ci tuwo har da ƙari.

Tsada kam akwai, kuma wuraren da ake yi kaɗan ne, saboda maganin duk minti 110 rabin ƙarfinsa tafiya yake, ranar ake haɗa shi ranar ake amfani da shi. In an ba ku lokaci kar ku makara.

Hoton ƙashi shi ma ba laifi, ya fi sauƙin kuɗi, ana yi a Ibadan da Abuja, amma ƙashi kaɗai yake gani, tsohuwar karaya da ciwon gwiwa na tsufa duk haskawa suke, kuma sai kin sake biyan kuɗin wani hoton daban da ake ce wa CT don huhu da hanta. In aljihu bai kai ba a yi shi ɗin.

Sai dai PET ɗin ma ba duk haske ne kansa ba, tarin fuka ko wajen da aka yi tiyata kwanan nan suna iya kamawa, don haka ki gaya musu in ta taɓa yi, haka in tana da ciwon suga ki faɗa tun wajen karɓar rana.

Ba ki tambaya ba amma ki yi hattara da masu yawo da kwamfuta su ba mutum wani ƙarfe ya riƙe wai sun duba jiki gaba ɗaya sun ga kansa, maganin kwalba kawai suke son sayar miki. Haka dillalan da za su ce ki turo kuɗi asusunsu su kama miki layi ko su kai ku Indiya, ki kira asibitin da kanki, ki biya a asusun asibiti ki karɓi rasit. In kuma ba a hana ta cin abinci ba, ba a zaunar da ita bayan allura ba, to ki tambaya da kyau, kar CT zalla a yi muku da kuɗin PET.

Ku tafi da takardar likita da duk tsofaffin hotunanta. In an gama ta sha ruwa sosai, kuma ranar kar a miƙa mata jikoki jarirai, mai ciki ma ta ɗan ja baya sai washegari.