Buck 110: wuƙar maharban barewar Amurka, in ta faɗo hannun ɗan Garwa

A Amurka, sabon maharbin da ya samu barewarsa ta farko, irin wadda ke ɗaga wutsiya in ta zabura har a ga farin da ke ƙarƙashi, sau da yawa wuƙar da yake zarowa daga ƙugunsa ita ce Buck 110. Wuƙa ce mai naɗewa, ƙotarta baƙin itace, kai da gindi na tagulla. Tun 1964 take kasuwa, kuma an kwaikwaye ta har ba iyaka. Nan ma tana shigowa jefi-jefi, ko dai tsaraba daga ɗan'uwa da ke can, ko a hannun masu bin sawu da masu fiɗa da ke aiki a sansanonin farauta na kewayen gandun dajin Binuwai, Faro da Buba Njidda. Hukuncinmu tun daga farko shi ne wuƙar farke ciki ce mai kyau, ta fiɗa ce tsaka-tsaki, ta yanka kuwa ba ita ba ce. Wanda ya saye ta don ta yi masa duka ukun zai ga laifinta, alhali laifin na zaɓinsa ne.

Tsawon bakinta santimita 9.5, in an naɗe ta ta kai kimanin 12.4, nauyinta ya ɗan haura giram 200. Wannan nauyi ba na aljihun riga ba ne, shi ya sa take zuwa da kuben fata na ratayawa a bel. Ana ƙera ta a garin Post Falls na jihar Idaho. Abin da zai ba ɗan Kamaru dariya shi ne itacen ƙotar na 'yan shekarun nan daga gida yake: baƙin katakon kurmin kudu ne, dangin kanya, wanda masana'antar Crelicam da ke Yawunde ke yankawa. Ya tafi Amurka a yankakken katako, ya dawo mana da tsada.

Ƙarfen bakin ana kiransa 420HC. Ba shi ne mafi tauri ba, kuma masu tara wuƙaƙe suna raina shi. Ga mai koyo kuwa shi ne daidai, domin ba ya saurin tsatsa, kuma in ya dakushe dutsen wasa wuƙa na gida ya ishe shi. Ƙarfen da ya fi shi tauri yakan daɗe da kaifi, amma ranar da ya mutu a daji, ba ka da abin da za ka tashe shi da shi.

Inda wuƙar ta fi nuna kanta shi ne farke ciki, kuma a nan ne sabon maharbi ke ɓata nama. Namijin barewar nan a jihohin arewacin Amurka yakan kai kilo 70 zuwa sama da 100, wato kusan girman mariya a wajenmu, ya fi mazo. Kafin ma a taɓa wuƙa, a zo wa dabbar ta baya, a taɓa idonta da dogon kara. Matacciya idonta a buɗe yake, ba ya ƙiftawa. Wadda ta rufe ido tana da sauran rai, kuma kofatonta na iya tsaga cinyar mutum. In ta tabbata, a kwantar da ita rigingine, kai ta wajen tudu. A fara da zagaye dubura da tsinin wuƙar, a shiga da zurfi kamar tsawon yatsa, har hanjin ƙarshe ya saki jikin ƙashin. Siririn tsinin 110 ya dace da wannan aiki ƙwarai, fiye da faffaɗar wuƙar fiɗa. Daga nan a tsinke fata a ƙasan mara, a ɗaga ta, a yi ɗan ƙaramin tsagi. Sai a juya wuƙar kaifi sama, a zura yatsu biyu na ɗayan hannun cikin tsagin, tafin hannu na kallon sama, bayan wuƙar na tsakaninsu, yatsun na danne tumbi ƙasa, a tura a hankali har ƙashin ƙirji.

Wannan tsini da muka yaba shi ne kuma babban aibunta. An zaftare bayan bakin ya gangaro ya yi siriri kamar ƙayar aduwa, don haka kuskuren rabin santimita ya isa ya huda tumbi. Da ya hudu za ka ji iska ta fito da wari, koren dusa ya malalo kan naman ciki, musamman 'yan tsokoki biyu masu laushi da ke manne da ƙashin baya ta ciki, waɗanda su ne zaɓin naman gaba ɗaya. Maganinsa shi ne a ɗora ɗan ali a kan bayan tsinin ya rufe shi, yatsa ya riga ƙarfe shiga. Kamfanin Buck na yin wata 110 mai sunkuyayyen tsini, wadda ba ta da wannan saurin huda. Mai koyo in ya samu zaɓi, ita ya ɗauka, ko da ba ta kai ta asali kyan gani ba.

Sauran aikin ba wuya. A yanke tantanin da ya raba ciki da ƙirji ta bin haƙarƙari, a miƙa hannu sama a kamo maƙogwaro, a yanke shi can sama, a jawo komai ya fito tare. A nan mutane ke yanke kansu, domin hannaye biyu na ciki, ido ba ya ganin ko ɗaya, ga ƙotar 110 santsi gare ta in ta sha jini, kuma ba ta da wata katanga da za ta tare yatsa. A goge hannu da ƙota kafin a shiga ƙirji. Mafitsara a bi ta a hankali, a matse bakinta a fitar. Wanda ya saba da rago zai tsaya neman madaciya a jikin hanta. Kada ya wahalar da kansa, wannan barewa ba ta da ita. A gwiwar ƙafafun baya ta ciki akwai wani tattaren gashi mai duhu da namijin ke yi wa fitsari lokacin barbara, a watan Nuwamba, wanda shi ne tsakiyar kakar farauta a jihohi irin su Wisconsin da Michigan. Wuƙar da ta taɓa wurin kada ta koma kan nama sai an wanke ta. Haka kuma a jihohin da ake da cutar ƙwaƙwalwar barewa da suke kira CWD, hukumomi na gargaɗin kada a tsaga kai ko ƙashin baya, a sa safar hannu, a kai samfur gwaji.

Kada a fasa ƙashin ƙugu da ita. Wasu na ɗora bakin a kan ƙashi su buga da dutse ko guntun itace. Ƙusar da bakin ke juyawa a kanta za ta saki, wuƙar ta fara rawa hagu da dama, in ma tsinin bai karye ba. Ɗan ƙaramin zarto ne na wannan aiki, ko kuma a bar ƙashin yadda yake, tunda an riga an zagaye dubura.

Wajen fiɗa, mahautan Garwa da Marwa ba za su ga abin burgewa ba, kuma suna da gaskiya. Fiɗa na son wuƙa mai tumbi, lanƙwasar bakin ta yi faɗi, ta riƙa shara tsakanin fata da nama. Lanƙwasar 110 gajera ce, tsinin na gaba-gaba, don haka mai gaggawa zai yi wa fata tagogi. In fatar ta jima ce ko ta buzun sallah, asara ce. Da ɗuminta, yawancin fatar barewa da dunƙulen hannu ake ture ta, wuƙa sai a wuya da ƙafafu. A haka 110 za ta fitar da kai. A riƙa yanka fata daga ciki zuwa waje. Gashin sanyi na barewar Amurka kauri gare shi, yana cinye kaifi, ya kuma warwatsu a kan nama. Namu dabbobin ba su da wannan gashi, amma suna da ƙura da yashi a jiki, su ma dakusar da wuƙa suke yi.

Yanka kuwa, santimita 9.5 ta yi gajarta ga wuyan babban rago, balle namijin barewa da wuyansa ya kumbura lokacin barbara, balle gwanki. Musulmin da zai fita farauta ya tafi da doguwar wuƙa dabam saboda dabbar da ya tarar da rai, hukuncin wadda harsashi ya gama da ita kuma ya ji daga bakin malaminsa tun kafin ya fita. Batun lasisi ma haka: a Kamaru ma'aikatar gandun daji da namun daji ke bayarwa, cikin gandun da aka keɓe kuwa ba a farauta sam.

Abin da masu yabonta a can ba su cika damuwa da shi ba, mu kuma dole mu damu, shi ne tsabta. A Wisconsin a ƙarshen Nuwamba sanyi na kusa da daskarar da ruwa, nama da wuƙa duk a firijin Allah suke. A kwarin Binuwai a Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40. Wuƙa mai naɗewa tana da kwari a cikin ƙota, jini da kitse da gashi na shiga, kuma in an rufe ta haka aka mayar kube, kafin gobe ta fara ɗoyi. Kitsen na daskarewa a ɗan gurbin da makullin baya, wato ƙarfen da ke riƙe bakin a buɗe, ke faɗawa, ya haɗu da ƙurar hunturu. Sai ka buɗe wuƙar, a maimakon ƙarar "ƙas" mai tsabta ka ji wata 'yar lumus. Ma'anarsa makullin bai zauna ba, kuma bakin na iya rufowa a kan yatsunka. A wanke ta a buɗe da ruwan ɗumi da sabulu, a bi kwarin da tsohon buroshin haƙori, gurbin makullin a sakace shi da tsinken ashana, a girgije ruwan, a shanya a inuwa. Kada a jiƙa ta a bokiti, itacen ba ya so. Ɗigo ɗaya na man farafin na kantin magani a kan ƙusa ya isa. Baƙin mai ba ya haɗuwa da abinci, man gyaɗa kuma yana yin danƙo ya kama ƙura. Da damina kada a bar ta kwana da kwanaki cikin kube, tagullar za ta yi kore.

Wajen wasawa, kamfanin ya ce digiri 13 zuwa 16 a kowane gefe. A aikace, ka kwantar da bakin a kan dutse ka ɗaga bayansa kamar rabin santimita. Ka shafa baƙar maka a kan kaifin, ka ja sau biyu ko uku, ka duba: in tawadar ta goge har bakin, kana daidai, in ta rage a bakin, ƙara ɗagawa kaɗan. Ka ci gaba a gefe guda har farcenka ya ji ɗan ƙaiƙayi ya fito a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. A ƙarshe ka goga ta a bayan tsohon bel na fata, kana ja da baya. Kada ka miƙa ta ga mai injin wasa wuƙa a kasuwa. Bakinta siriri ne, injin zai ƙona shi ya yi shuɗi, kuma ƙarfen da ya ƙone ba ya ƙara riƙe kaifi.

A yi hattara da jabu a kasuwanninmu, daga Ngaundere har Kusseri da Njamena. Ta gaske a gindin bakinta an buga BUCK, da 110, da U.S.A., waɗanda aka yi daga 1986 kuma suna da 'yar alama kusa da lambar mai nuna shekarar ƙira. Masu jabu ma suna buga wannan, don haka a duba aikin hannu: ka shafa yatsa inda itace ya haɗu da tagulla, bai kamata ka ji tudu ba, ka buɗe ta ka girgiza bakin, kada ya motsa, ka rufe ka ga ko ya zauna a tsakiyar kwari. Wadda ta yi sakayau a hannu, ko tagullarta ke ɓarewa, fenti ne. Kamfanin na da garanti na har abada, amma aika wuƙa daga Garwa zuwa Idaho a dawo da ita zai ci kuɗin sabuwa, don haka kada a sa shi a lissafi. Mai kawo maka ita ta jirgi ya sa ta a babban akwati, ba jakar hannu ba, in ba haka ba a filin jirgi za ta kwana.

Ga mai bin sawu ko mai gadin gona da ke son wuƙar da za ta zauna a ƙugu shekara da shekaru, ta farke ciki, ta yanka igiya, ta fere sanda, 110 ta cancanci kuɗinta. Mahauci da mai kilishi su riƙe ta maƙera da suka saba. Sabon maharbin da zai sayi wuƙa ɗaya tak, a zafinmu, gara ya nemi wadda ba ta naɗewa, mai baki santimita 10 zuwa 11 da ƙotar roba mai kama hannu, irin Morakniv Companion ta Suwidin, wadda ta fi arha nesa ba kusa ba kuma ana wanke ta cikin minti ɗaya.