Gargaɗi ga masu ɗora injin tobo a tsohuwar a-kori-kura a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da makanikai na Agege, Idi-Araba da Mile 12. Akwai wani mutum da ke tallar kayan mai a Facebook da WhatsApp, yana cewa ya haɗa duk abin da ake bukata idan an cire tsohon injin Hilux an ɗora mai tobo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi) irin su 1JZ-GTE: famfon mai, ragileta (mai daidaita matsin mai), nozul (masu fesa mai cikin inji) da tiyo, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Yana cewa shagonsa na Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Mun bincika, ba shi da ko rumfa a can. Hoton shagon wani yake ɗauka. Rabin kuɗi yake karɓa ta banki, sannan ɗan acaɓa ya kawo kaya ya karɓi ciko. Wani ƙanenmu mai ɗaukar kayan gwari ya faɗa hannunsa, yanzu injinsa na zube a gareji, fistin ya narke.

Ku fahimci inda cutar take. Tsohon inji mai kafireto, kamar 22R ko 3Y, matsin man da yake so bai wuce psi (ma'aunin matsi) 3 zuwa 6 ba. Inji mai nozul kuwa yana neman kusan psi 43, kuma idan tobo ya fara tura iska dole matsin mai ya ƙaru daidai da ita, psi ɗaya kan psi ɗaya. Famfon da mutumin nan yake sayarwa an buga masa sunan Walbro 255, amma jabu ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabun yana tayar da mota lafiya lau. A gareji za ta yi sulo, a cunkoson Oshodi ba za ka ji komai ba, har ka yi wa mutumin addu'a. Sai ran da ka yi lodi ka hau titin Ibadan ka taka wuta, mai ya gaza, iska ta yi yawa, zafi ya hau kan fistin. Kafin ka ankara aikin gama ya gama, shi kuma ya rufe lambarsa.

Ragiletarsa ma haka take. Tana da geji mai sheƙi da ɗan bakin da ake jona siririn tiyon iska, amma da muka kwance ta, bakin nan a toshe yake, ado ne kawai. Nozul ɗin tsofaffi ne aka wanke aka sa a leda.

Tiyon kuma ya fi ba ni tsoro, domin shi maganar rai ce. Na kafireto yake bayarwa, mai lamba 30R7 a jiki, alhali na matsi mai ƙarfi 30R9 ne, wanda ake nutsawa cikin tanki kuma 30R10. Tiyo ya fashe kusa da tobo mai zafi, gobara ce, kuma yawancinmu da yaran mota muke tafiya.

Don Allah kada ka tura ko sisi kafin ka ga kaya. Ka je da makanikenka, ka shiga cikin shago da ƙafarka, ka karɓi rasit mai lambar shago, ka kauce wa 'yan kamashon bakin hanya. Famfon 255 na gaske yana ba da kimanin lita 4 a minti ɗaya. A gwada a jarka, a fili, nesa da wuta da sigari. Bayan an ɗaura, a sa wani gejin daban a duba matsi, a tabbatar yana hawa idan tobo ya buɗe. Mai gaskiya ba ya gudun gwaji. Kuma duk wanda ya ce maka ba sai an ja layin mayar da mai tanki ba, ko tsohuwar wayar famfo ta isa ba tare da rile (makunnin da ke ba famfo wuta daga batir) ba, to ko bai san aikin ba ko kuɗinka yake hari.

Wanda ya riga ya tura masa kuɗi, ya adana shaidar banki da saƙonninsu, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda. Wanda kuma ya riga ya ɗaura kayan, ya ajiye motar yau, kada ya yi lodi sai an cire su.