Kufan fadar Dunnottar: ku biya kuɗin shiga, kar ku tsaya a hoto

Tun da na zo karatu Aberdeen, a ƙasar Sukotland, ake cika mini kunne da labarin kufan fadar Dunnottar. Ranar Asabar ɗin nan dai ni da wani abokina muka yi sammako, muka hau jirgin ƙasa zuwa Stonehaven, garin da ke kusa da fadar, tafiyar kamar minti 20.

Daga tasha muka gangara bakin ruwa inda masunta ke ɗaure jiragensu, muka kama wata 'yar siririyar hanyar ƙafa da ta bi gefen dutse. Ana iya zuwa da mota har kusa da wurin, amma ni shawarata a taka. Kusan kilomita 3 ne, teku na hagunka, gonaki na damanka, iska kuwa sai ka riƙe hularka da hannu. Da ka wuce ginin tunawa da mazan garin da suka mutu a yaƙin duniya, sai ka hango fadar can bisa wani ƙaton dutse mai tsayin kusan mita 50, ruwa ya kusa zagaye shi. Wallahi tsayawa na yi cak, na kasa cewa uffan.

A nan ne mutane da yawa ke ɗaukar hoto su juya. Ni kam ina ganin sun yi asara. Mun sauka matakala masu yawan gaske, muka sake hawa wasu, muka yanki tikiti a ƙofa, kuma ko kaɗan ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Whigs' Vault. A shekarar 1685 an tsare mutum 167 a cikinsa, maza da mata, saboda sun ƙi yarda sarki ya zama shugaban cocinsu. Na shiga, na dafa bangon, sanyi ƙalau ga danshi. Taga na kallon teku, ƙarƙashinta ba komai sai dutse da igiyar ruwa. Ta nan wasu suka yi ƙoƙarin tserewa, wasunsu suka faɗa suka mutu. Mu da ba mu kai goma ba a ciki har mun ji wurin ya matse mu, to ina ga mutum 167 na tsawon makonni? Na fito jikina a sanyaye.

Akwai kuma labarin kayan sarautar Sukotland, wato kambi da takobi da sanda. A 1651 aka kawo su nan don kar su faɗa hannun sojojin Oliver Cromwell, jagoran rundunar Ingila da ta mamaye Sukotland. Wata takwas ana yi wa fadar ƙawanya, amma kafin masu tsaronta su miƙa wuya a 1652 an riga an sulale da kayan, an binne su ƙarƙashin daɓen cocin Kinneff, wani ƙauye da ke kusa. Yanzu suna fadar Edinburgh. Duk wanda ya san darajar tambari da sandar girma a gidan sarautarmu zai gane dalilin da ya sa mutane suka sayar da rai a kansu. Allunan bayani da aka kafa suna taimakawa sosai, ba sai ka nemi ɗan jagora ba.

Sai dai kar a kai dattijo mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu ciki, matakalan ba wasa ba ne, gara su more kallo daga sama. A sa takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi ko da rana ta fito, a kuma duba shafin fadar na intanet kafin a taso, domin sukan rufe idan iska ta yi ƙarfi.

Mun yi kusan awa biyu a ciki. Da muka komo gari ƙafafuna na zogi, muka sayi soyayyen kifi da dankali muka zauna bakin ruwa muna ci, tsuntsayen teku na ta shawagi a kanmu, har lokacin jirginmu ya yi.