A/T ko M/T: wace taya ce za ta jure hanyar gona a ƙasar Zazzau?

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa don kada in ba ka amsar tsaye-tsaye. Ka ce Hilux gare ka mai taya 265/65R17, kana zuwa Kaduna daga Zariya sau uku a mako, Asabar da Lahadi kuma kana gonarka ta wajen Soba, inda sai an sauka daga kwalta an bi burji, an ratsa bakin fadama kafin a isa. Tayoyin da motar ta zo da su sun suɗe, biyu ma a gefe suka yage. Wani ya ce ka sa M/T, wato tayar taɓo mai manyan haƙora, ka huta, wani ya ce A/T, wato tayar da aka yi don kowace irin hanya, kwalta da burji. Kana son sanin wacce ta fi ƙarko.

A/T nake ba ka shawara, amma ba kowace A/T ba, sai wadda aka rubuta LT, wato alamar tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya, a gaban lambar girmanta. Bari mu bi hanyarka tun daga gida har gona, mu ga yadda kowacce za ta yi.

Kwalta ce ta farko, kuma ita ce mafi yawan tafiyarka. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa sau uku ya tasam ma kilomita 500 a mako. Burjin gonarka ko an haɗa kwana biyun ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. To a kwalta M/T wahala take sha. Haƙoranta manya ne, a warwatse, kowane ɗaya yana lanƙwasa idan ya taka ƙasa sannan ya miƙe, wannan motsin shi ke ɗumama roba ya cinye ta da wuri. Kuma ba ta cinyewa daidai. Bayan 'yan watanni ka shafa hannu a kanta za ka ji haƙori ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa kamar matakala, daga nan gunjin da take yi ya ƙaru, har ka kasa jin maganar wanda ke kujerar baya. Mai ma tana ƙara sha. Abin da ya fi damuna shi ne birki a jiƙaƙƙiyar kwalta. Robar da ke taɓa ƙasa a M/T kaɗan ce, ba ta kuma da yawan 'yan siraran tsage-tsagen nan da ke kore ruwa. Ka tuna ruwan Agusta a wajen Jaji, tirela ta tsaya a gabanka ba zato. A wannan lokacin A/T ta fi ta tsayawa da wuri, kuma wannan maganar rai ce, ta wuce maganar kuɗi.

A burji da marmara kusan kunnen doki suke yi, sai dai A/T ta fi zama daram a gargada, ba ta yawan watsa gindin mota idan babu kaya a baya.

Taɓo kuwa gidan M/T ne, babu gardama. Duk wanda ya taɓa shiga bakin Galma a tsakiyar damina ya san irin lakar da nake nufi, mai danƙo, wadda in ta kama takalmi sai ta cire shi daga ƙafa. A/T idan ta shiga irinta, juyi uku ko huɗu ramukan zanenta sun cike, sai ka fito ka ga taya ta koma sumul kamar an yaɓe ta, babu alamar haƙori ko ɗaya. Daga nan ko ka sa giyar ƙafa huɗu juyawa kawai za ta yi a wuri ɗaya, mota tana zamewa gefe. M/T ramukanta na da faɗi, tana juyawa tana tofar da lakar, kowane zagaye haƙori yana samun sabon wurin cizo, ga wasu haƙoran a kafaɗarta da ke kama bangon kwari idan hanya ta zurme. Bambancin a nan babba ne ƙwarai, na gani da idona motoci biyu iri ɗaya, ɗaya ta wuce ɗaya sai da aka nemo tarakta. Amma ka lissafa da kanka: kwana nawa ne a shekara hanyar gonarka ke zama haka? Ruwa a ƙasar nan daga Mayu zuwa Oktoba ne, caɓin gaske kuwa Agusta da Satumba. Kai kuma Asabar da Lahadi kawai kake zuwa. Ka ga kwanakin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma a yawancinsu idan ka jira rana ta ɗaga, ka rage iska, A/T za ta fitar da kai.

A yashi, kamar inda ake tsallaka busasshen rafi da rani, M/T haƙa take yi, in ka matsa mata wuta ta binne kanta. A/T da ragaggiyar iska ta fi ta tafiya a sama-sama.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya da kyau, domin tayoyinka biyu ba taɓo ne ya kashe su ba, a gefe suka yage. Abin da ke cin taya a gonakinmu kututture ne da ƙaya da bakin dutse. Bayan girbi, karan dawa da masara da aka sare a karkace yana bushewa ya zama kamar mashi, ga guntayen kututturen da aka bari lokacin sharar gona, ciyawa ta rufe su. Ni a Nuwamban wata shekara na yi ribas cikin gona don a loda buhunan masara, ban ji komai ba sai "fuuu". Kututturen da bai kai tsawon yatsa ba ya shiga gefen tayar baya ya tsaga ta kamar an sa wuƙa, alhali zanenta ko rabi bai ci ba. Mai faci ya juya ta ya juya, ya ce, "Alhaji, gefe ba ya faci. Zan iya liƙa maka, amma kada ka hau babban titi da ita." Gaskiya ya faɗa. Gefen taya kullum cikin lanƙwasa yake, facin da aka yi a nan ba abin dogaro ba ne.

To me ya sa mutane ke cewa M/T ba ta fashewa? Saboda galibin M/T da ake ƙerawa ginin LT gare su, wato gangar jiki mai kauri irin ta motocin ɗaukar kaya. Ƙarfin daga gangar jikin yake, ba daga haƙoran ba. A/T kuwa iri biyu ce a kasuwa, kuma zanensu na iya zama kusan ɗaya. Akwai mai ginin ƙaramar mota, za ka ga an rubuta 265/65R17 112 da harafi a bayansa. Wannan 112 ɗin yana nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120. Akwai kuma LT265/65R17 120/117, wadda ke ɗaukar har kilo 1,400 idan an cika mata iska yadda ya kamata. Ta biyun ce za ta ba ka irin taurin da ake yabon M/T da shi, ba tare da gunji da saurin cinyewa ba. Masu tsohuwar Hilux mai siririyar taya 205R16C su ma suna cikin wannan sahun, harafin C ɗin nan alamar tayar kaya ce, shi ya sa take jure wahala duk da rashin kyan gani.

Idan mai shago ya ce maka "wannan filai goma ce", ka san ma'auni ne na ƙarfi, ba wai shimfiɗa goma ke ciki ba. Ana rubuta shi da harafi: C daidai da shida, D takwas, E goma. Ainihin adadin shimfiɗar zaren da ke gefe a rubuce yake da ƙananan baƙaƙe a jikin tayar, galibi biyu, masu tauri uku. In ka samu mai uku a gefe, ita ce ta gonar kututture.

LT ma da nata. Ta fi nauyi, ta fi tsada, idan bayan mota babu kaya za ka ji kowane rami a ƙugunka, kuma tana buƙatar iska fiye da tayar da motar ta zo da ita kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. Sannan ba ta ƙara wa motar ƙarfi. Buhun taki 20 masu kilo 50 tan ɗaya ke nan, nan ne kusan iyakar Hilux ko da wace taya ka sa mata.

Batun kamfani ba zan tsawaita ba. BFGoodrich, wanda ke ƙarƙashin Michelin, yana da KO2 da ta fito a 2014 da KO3 da ta biyo baya a 2024 a ɓangaren A/T, da KM3 a ɓangaren M/T. Akwai Maxxis na ƙasar Taiwan, da Bridgestone Dueler, da Yokohama Geolandar, da Dunlop Grandtrek. Kowane cikinsu yana da mai taushi da mai tauri, don haka rubutun jikin taya za ka bi, ba sunan kawai ba. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne ranar ƙira. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya rufe tasa ta Legas a 2008, kusan duk tayar mota da ke kasuwa shigo da ita ake yi, wata ta daɗe a sito, wata ta sha rana a ƙofar shago. Ka nemi inda aka rubuta DOT, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1524, an yi ta a mako na 15 na 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira, to idan ka sayi wadda ta riga ta shekara biyu, rabin wa'adinta ka biya wa kuɗi cikakke. Tokumbo kuwa, ga mai hawa titin Kaduna da iyali, ba na ba da shawararta ko kaɗan. Ba ka san ramin da ta daka ba, wasu an sake yanka musu zane don su yi kama da sababbi, wasu kuma tayoyin hunturun Turai ne masu laushin roba, zafin Maris da Afrilu na nan ba nasu ba ne.

Ko wacce ka ɗauka, iska ce za ta raya ta ko ta kashe ta. Ka sayi gejinka na kanka, ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa, ka fara daga adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, in LT ce ka ɗan ƙara. Taya mai ƙarancin iska a kwalta da gudu da kaya tana dahuwa ne daga ciki, har shimfiɗunta su rabu, sai ƙululu ya fito ko ta tarwatse. A taɓo ko yashi kana iya rage iskar zuwa wajen 20 a ma'aunin PSI na geji, ka tafi a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, amma kafin ka hau kwalta lallai ka mayar da iskar. Ɗan famfon nan da ake jonawa da batirin mota ya isa wannan aikin. Ka kuma riƙa sauya musu wuri, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000.

Wanda zan ce wa ya sa M/T shi ne wanda motarsa a ƙauye take kwana, kullum tana cikin fadama tana fito da kaya, kwalta sai ranar kasuwa. Shi kam gunjin ba zai dame shi ba, kuma kafewa ɗaya da kayan gwari a baya ta fi masa asarar taya. Idan wata rana aikin gonarka ya kai haka, ka nemi wili huɗu na daban ka ɗaura musu M/T, ka sa su daga Yuli zuwa Satumba, ka sauke ka ajiye a inuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gauraya, A/T a gaba M/T a baya, ko girma daban-daban, domin ranar da ka sa giyar ƙafa huɗu tayoyin ba za su juya daidai ba, kayan ƙarƙashin mota ne za su ɗauki wahalar.

In za ka je saye, ka yi lissafin taya biyar. Safayar da ke rataye a ƙarƙashin motarka ta asali ce mai siririn gefe, kuma tun da aka sayi motar take shan ƙura da ruwa a wurin. Ka sa a sauko da ita a gabanka, ka duba lambobinta huɗu tare da na sababbin.