Shagon POS ɗin da 'yan Nijar ke zuwa a Tudun Wada, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in yi magana kan wani ɗan shagon POS da ke lungunmu nan Tudun Wadan Zariya, ba zan kama sunan mai shi ba tunda ban nemi izininsa ba, kwantena ce dai shuɗiya da benci ɗaya a gaba.

Wanda ya sa na fara zuwa shi ne mai shayin ƙofar gidanmu, mutumin wajen Tasawa ne a jihar Maraɗi, ya fi shekara bakwai a nan, kuma duk cinikinsa a gwangwanin madara yake tarawa ƙarƙashin tebur. Lokacin canjin kuɗi farkon 2023 wallahi bawan Allahn nan ya ga tashin hankali, ga tsofaffin kuɗi a hannu ga ba asusu, sai a nawa na zuba masa. Bayan nan na raka shi wani banki, muka yi layi tun safe har azahar, da muka isa aka ce ina BVN, ina NIN, ina takardar wuta, shi kuma abin da ke aljihunsa katin shaidar ƙasarsu ne da Faransanci. Haka muka dawo. Dama tun ƙarshen 2023 CBN ta ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN.

To a shagon nan ne ya samu sauƙi. Mai shagon yana da wani babban littafi mai baƙin bango, kowa da shafinsa, masu ga-ruwa, masu gadi, masu yankan farce, masu dabino. Bayan isha'i za ka ga sun zo ɗaya bayan ɗaya, wannan dubu biyu wancan dubu biyar, ya ƙirga a gabanka ya rubuta sannan ya rubuta a ɗan katin da ke hannunka, wanda bai iya boko ba ya sa masa da ajami. Ranar da na fara gani wani dattijo ya kawo kuɗi duk sun jiƙe da ruwan jarka, ya ce masa "Baba zauna ka huta tukuna", ya shanya su ɗaya ɗaya kan kanta ba tsaki ba ɓata rai. Wannan abu ya shiga raina sosai.

Aiken kuɗi gida kuma yana da mutuminsa a Maraɗi, ka ba shi naira a nan, ya faɗa maka jakar sefa nawa za ta zama a farashin ranar kafin ka saki kuɗinka, can a miƙa wa iyalinka sefa ko a tura musu ta Nita, kamfanin aiken kuɗi na Nijar, in ƙauye suke. Ko lokacin da aka rufe boda bayan juyin mulkin Yulin 2023 aiken bai tsaya ba, sau biyu mai shayinmu ya tura kuma kafin magariba matarsa ta kira ta ce ya shigo.

Amma fa akwai inda ban ji daɗi ba. Cajinsa ya ɗan yi sama, 200 a dubu biyar idan kuɗi suka yi wuya a gari, ga hamsin ɗin gwamnati kan dubu goma zuwa sama, ga mai tura kura wannan kuɗin abincin rana ne. Netwok ma yakan ba da matsala, an taɓa cire min kuɗi ba su fito ba sai bayan kwana uku, ko da yake shi ya yi ta bibiya. Babban abin da ke damuna shi ne littafin nan, ajiyar banki tana da inshorar hukumar gwamnati ta NDIC, wannan kuwa amana ce kawai, in gobara ta tashi ko ɓarayi suka shigo, Allah ya kiyaye, gumin mutum hamsin ne a ciki. Na faɗa masa baki da baki, ya ce shi ma abin na hana shi barci shi ya sa ba ya barin tsabar kuɗi su kwana a shago, kuma yana ta matsa wa masu takardar zama su je su yi NIN tunda baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana yi masa.

In za ka raka wani, ku je da safe kafin goma, yamma cika yake, kuma ku tabbata an rubuta a katinku kafin ku tashi.