330i ko 430i mai naɗe rufi? Amsa ga ɗan'uwanmu na Jidda

Alhaji, ka ce kana son BMW ta hannu, idonka kuma na kan biyu: 330i mai ƙofa huɗu da 430i wadda ake naɗe rufinta. Ka ƙara da cewa kusan kowace Juma'a kana kai iyali Makka. A wurina wannan maganar ita ta raba gardama.

Inji dai ɗaya ne a cikinsu: B48, lita 2, silinda huɗu da turbo, ƙarfin doki wajen 250, giya takwas mai canza kanta. Sai dai 430i ta fi nauyi, domin duk motar da aka cire wa kafaffen rufi sai an ƙara mata ƙarafa ta ƙasa don kada jikinta ya riƙa murɗewa. Ke nan ƙarin kuɗin da za ka biya na rufi ne, ba na gudu ba.

Rufin nan kuwa yana da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Samfurin 2021 zuwa sama na yadi ne, yana naɗewa cikin daƙiƙa 18, ko da kana tafiyar kilomita 50 a awa. Ka hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if da la'asar sakaliya, ko ka bi bakin teku bayan isha a watan Janairu, za ka san abin da mutane ke saye. To amma wata nawa ke nan a shekara? Daga Mayu zuwa Oktoba, zafi da gumin Jidda ba za su bar ka ka buɗe shi da rana ba. In ba ka da inuwar ajiye mota, rana na cin yadin, ƙura na shiga robobi da mahaɗan ƙarfe, kuma ba kowane bakanike a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, ke iya taɓa su ba.

Sai wurin zama. 330i na ɗaukar mutum biyar, but ɗinta lita 480. 430i mutum huɗu ce, but lita 385, in an naɗe rufi ya koma 300. Ka ƙiyasta keken jariri da jarkokin Zamzam. Ka kuma tuna Hajiya babba: sai an kwantar da kujerar gaba ta sunkuya kafin ta shiga baya. Ni ba zan so wa mahaifiyata haka ba.

Ko wacce ka ɗauka, don Allah ka riƙa zuba mata fetur mai lamba 95, ba mai lamba 91 ba. Tun Yulin 2021 lita tana riyal 2.33, 91 kuma 2.18, a tankin lita 59 bambancin bai kai riyal 9 ba. Injin turbo a zafin nan, in ya sha 91, kwamfutarsa rage masa ƙarfi take yi don ta kare shi. Baƙin mai ma kada ka ja masa lokaci.

Shawarata 330i. Kafin ka biya, ka tabbatar ko ta wakilin kamfani a nan ce ko shigowar Amurka, a binciko tarihin haɗarinta, a ɗaga ta sama a duba ko ruwan lagireto na yoyo.